Kundin Biki: Yadda Ake Tsara Shafin Tunawa da Aure

[Kiɗan buɗe shiri]

  

Yau maganar biki ce a bakinmu. An ɗaura aure, an kai amarya, an mayar da tukwanen aro da kujerun haya, baƙin nesa sun kama hanya. To, me ya rage a hannu? Galibi hotuna ne jibge a cikin waya, sai katin gayyata guda ɗaya da ya maƙale a ƙasan jaka, sai ragowar ƙyallen anko a shagon tela. Kafin a jima wayar ta faɗa ruwa ko an zare ta a kasuwa, katin ya yage, tela ya mai da ƙyallen tsumman goge keke. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu koyi yadda ake tattara waɗannan abubuwa a kan shafi, a tsara su, a rubuta bayaninsu.

Abin da nake kira kundin biki littafi ne mai kaurin takarda, wanda ake jera hoto da kati da ƙyalle da rubutun hannu a cikinsa. Ya bambanta da albam ɗin da muka saba, wanda ake zura hotuna a aljihun leda a rufe, babu ko harafi ɗaya. Turawa sun daɗe da wannan al'ada. A ƙarni na 19 gidaje da dama a Ingila da Amurka suna da littafin da suke manna yankakkun jaridu da katuna. Marubucin nan na Amurka, Mark Twain, har rajistar irin nasa littafin ya yi a 1873, mai shafuka da busasshen gam a jiki, sai dai ka ɗan jiƙa ka manna. Salon da ake yayi yanzu kuwa ana danganta bunƙasarsa ga wata mata a jihar Utah, Marielen Christensen, wadda ta tara kundayen iyalinta sama da 50, aka gayyace ta ta nuna su a wani taron adana tarihin zuri'a a birnin Salt Lake a 1980, shekara na zagayowa ta buɗe shagon sayar da kayan aikin. Kayan da suke sayarwa a can ba lallai ne mu same su a nan ba, kuma ba sai da su za a yi kundi ba. Almakashi, rula, fensir, allura da zare, da kwali mai kyau sun wadatar.

Abu na farko da nake so amarya ta riƙe shi ne, kowane shafi a ba shi sha'ani guda. Bikinmu mai matakai ne. Akwai gaisuwar iyaye da sa rana, akwai kawo lefe, akwai jere, kamu, ƙunshi, ɗaurin aure, walima, kai amarya, buɗar kai. Idan kika cusa hoton kamu da na walima da na ɗaurin aure a shafi ɗaya, ido zai rasa inda zai sauka, labarin kuma ya cuɗe. Ki ɗauki takarda ki lissafa matakan da aka yi a naki bikin, domin na Kano ba daidai yake da na Sakkwato ko na Damagaram ba, ko a gari ɗaya ma gida ya sha bamban da gida. Matakin da ya fi zauna miki a rai ki ba shi shafi biyu masu kallon juna. Wanda aka yi shi a gurguje, rabin shafi ya ishe shi.

Sai zaɓen hoto, kuma a nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Hoton amarya da kwalliya, an ɗaura ɗankwali, an karkata kai, yana da kyau, kuma dole a sa guda ɗaya babba. Amma irinsa goma ba su ƙara komai a kan ɗayan. Hoton da za a riƙa nema nan da shekara talatin shi ne na gwaggo tana tsaye a kan tukunyar waina, hayaƙi ya sa ta runtse ido. Na tsofaffin gida sun kewaye akwatunan lefe suna ɗaga atamfa suna dubawa. Na waliyyi da wakilin ango zaune gaban liman, ga farantin goro da alawa a tsakiya. Na hannuwa a sama ana shafa fatiha. Ki nemi hoton wanda ya fi kowa tsufa a wurin bikin, ko da ya ɗan yi duhu, ko da bai kalli mai hoto ba. Ki nemi na ƙofar gidanku, da zauren, da bishiyar da ke tsakar gida, domin gidajen gado ana rabawa, ana rushewa, ana gina shaguna a wurin. Kai kuma mai hoto, idan kana jin mu, ka riƙa leƙa bayan gida da izinin masu gida, inda ake ainihin aikin bikin.

Idan an zo wanke hoto, a kula da abu biyu. Hoton da aka yi ta turawa ta WhatsApp daga hannu zuwa hannu an matse shi, ya rage nauyi, a waya yana da kyau, amma da an wanke shi babba sai fuska ta yi hazo. Ki karɓi na asali daga wurin mai hoto a filas, ko ya turo miki a matsayin fayil. Hoto mai inci 4 da 6, wato wanda aka fi wankewa, yana son ɗigo kamar 1200 a faɗi da 1800 a tsawo kafin ya fito tas. Na biyu, a kai wa masu wankin hoto na sana'a, su buga a takardar hoto ta ainihi. Wanda aka buga da ƙaramar firintar ofis a farar takarda ba ya jure haske, ɗigon ruwa ɗaya kuma ya isa ya dagula shi. Ni na fi son takarda marar sheƙi, saboda ba ta riƙe shatin yatsa. Kuma duk hoton da za ki yanka ko ki datse gefensa, ki wanke shi biyu, ki ajiye ɗaya yadda yake.

Yanzu ga takardar da za a yi shafin da ita. Kowa ya taɓa ganin jaridar da aka bari a taga, kwana kaɗan ta yi ja, ta yi ƙamas, tana karyewa. Dalili shi ne an yi ta da niƙaƙƙen itace wanda ba a cire masa wani sinadari da ake kira lignin ba. Haske da iska suna canza masa launi, asid kuma yana cin takardar a hankali, ya ci duk abin da ya jingina da ita. Saboda haka in za ki sayi kwali, ki tambayi wanda aka rubuta a fakitinsa cewa ba shi da asid. Masu sayar da kayan zane-zane sukan ajiye shi. In bai samu ba, ki ɗauki farin kwali mai kauri da kyau, ki guji mai arha ɗin nan mai launi wanda yara ke aikin makaranta da shi, domin yana koɗewa, yana kuma zuba idan ya ji laima. Girman shafi kuwa, a Amurka sun fi amfani da murabba'i mai inci 12 kowane gefe. Mu a nan girman A4 ya fi sauƙi, santimita 21 da kusan 30, domin ko'ina ana samun fayil da ambulan da suka dace da shi.

To mu ɗauki shafi ɗaya mu tsara shi tare, ku biyo ni da idon zuci. Mu ce shafin ranar ƙunshi ne.

Shimfiɗa kwalin a kan tabarma mai tsabta ko tebur, hannunki a wanke, a bushe, babu mai babu turare. Da fensir da rula ki ja siririn layi ki bar gefe kamar faɗin yatsa biyu a kowane gefe, ɓangaren da za a ɗinke ko a huda kuma ki bar masa yatsa uku. Ɗauko babban hoton, mai inci 5 da 7, wanda ya nuna amarya zaune ta miƙe ƙafa, mai ƙunshi ta duƙufa a kan tafin hannunta. Kada ki dasa shi a tsakiyar shafi cak. Ki matsar da shi sama, ɓangaren hagu ko dama, ta yadda fuskar da ke cikin hoton za ta kalli cikin shafin, ba waje ba. Ƙananan hotuna biyu su biyo baya, ɗaya na hannun kusa da kusa bayan an wanke lallen ya kama, ɗaya na ƙawaye. Ki jera su a ƙasa ko a gefe, gefunansu a kan layi ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu iri ɗaya. Sannan ki ware fili, aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na shafin, ki bar shi fari fat. Na rubutu ne, kada komai ya ci shi.

Duk wannan ba ki manna komai ba tukuna. Yadda masu jere ke yi a ɗakin amarya, a ja gado nan, a duba, a mayar da shi can, a koma bakin ƙofa a sake kallo kafin a kafa ƙusa, haka za ki yi. Ki matsa, ki tashi tsaye ki kalla daga sama, ki ɗauki hoton tsarin da waya, ki sake wani tsarin ki gwada su. Wanda ya kwanta miki, ki sa ɗan ɗigo da fensir a kusurwar kowane abu don ki gane mazauninsa.

Launi kuwa kada ki wahalar da kanki. Ankon ranar ya riga ya zaɓa miki. In atamfar kore ce da ruwan ƙwai, ki yanka takarda kore wadda ta ɗara babban hoton kaɗan, ki sa a ƙarƙashinsa ta leƙo ta gefe-gefe. Launi biyu, in ya yi yawa uku. Ƙyalƙyali da furannin roba da duwatsun ado suna kumbura littafi, suna kartar fuskar hoton da ke shafin da ke kallonsu, su kuma janye ido daga mutanen da aka yi shafin dominsu.

Wajen mannawa ne kundaye da yawa ke mutuwa. Salatif yana yin ja, gam ɗinsa ya narke ya shiga cikin hoto, ledar ta faɗi ta bar tabo. Ƙarfen sitefula da kilif suna tsatsa da damina. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta liƙe. Koko ko kunun sitaci da ake manna fasta da su a bango abincin kyankyaso da gara ne. Albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da leda a sama, wanda aka yi yayinsa tun shekarun 1970, masu adana kayan tarihi sun daɗe suna gargaɗi a kansa, domin danƙon yana bin bayan hoto ya bar masa layi-layi, daga baya ya riƙe shi gam. In akwai irinsa a gidanku mai hotunan bikin iyaye, ki fara ɗaukar hoton kowane shafi da waya kafin ki taɓa komai, wanda ya ƙi ɓamɓaruwa kuma ki ƙyale shi, kada ki fizga.

Hanyar da ta fi aminci ita ce hoton ya zauna ba tare da gam ya taɓa shi ba. Ɗora hoton a mazauninsa, ki yi alama a kusurwoyinsa huɗu, ki ɗauke shi, ki sa reza ki tsaga kwalin a karkace a kowace kusurwa, tsagar kamar tsawon farce. Sai ki lanƙwasa hoton kaɗan ki zura kusurwoyinsa a ciki. Ya zauna daram, kuma ranar da ake son ciro shi a sake wankewa, zai fito lafiya.

Katin gayyata yana da rubutu ciki da waje, don haka a yi masa aljihu. Yanka rabin ambulan, manna bayanta a shafi, zura katin. Yawancin katunanmu suna ɗauke da bisimilla ko aya, to a kiyaye kada almakashi ya ratsa sunan Allah, ragowar da aka datse kuma kada ta tafi kwandon shara. Ƙyallen anko, tun ranar kai ɗinki ki ce wa tela ya ajiye miki kamar faɗin tafin hannu daga kowane yadi, atamfa, leshi, da shaddar ango. Ki wanke shi ya fitar da sitaci da rinin da zai zuba, ki goge, ki kalmashe bakinsa, ki ɗinke shi a jikin kwalin da allura, ɗinki huɗu ko shida. Ki sa farar takarda tsakaninsa da shafin da ke kallonsa. Lalle kuwa ba a shafa shi a takarda. Amarya ta ɗora hannunta a kan kwali a zagaye shi da fensir, a ba mai ƙunshin alƙalami ta maimaita zanen da ta yi a ciki, ta rubuta sunanta a ƙasa. Wannan shafin yakan fi kowanne kyau.

Abu uku ba sa shiga kundi da jikinsu. Takardar shaidar aure, kwafinta ake sawa, ta asali ta zauna tare da muhimman takardun gida, kuma kada a kai ta laminatin, domin da zarar zafi ya haɗe ta da leda babu mai raba su. Rasit ɗin na'urar POS da irinsa na manyan shaguna takarda ce mai aiki da zafi, rubutunta yana gogewa da kansa, in an yi mata laminatin kuma baƙi ƙirin za ta koma, saboda haka a yi fotokwafi tun da wuri. Sai takardar kuɗi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, har da liƙi da rubutu a kanta da lalata ta, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Kada a shafa mata gam a manna a littafi. Adadin ake rubutawa.

Masu sauraro, bari mu ɗan numfasa, yanzu za mu dawo.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan yadda ake tsara shafin kundin biki. Mun bar fili fari a shafinmu, kuma shi ne dalilin yin wannan shiri gaba ɗaya.

Ina roƙon kowa, in ya koma gida, ya ɗauko tsohon hoton bikin mahaifiyarsa ko kakarsa, in akwai. Ya ƙirga mutanen da ke ciki, sannan ya ƙirga waɗanda zai iya faɗin sunansu. Da wuya ya kai rabi. Waccan doguwar da ke riƙe da mayafin amarya, wace ce? A ce wata ƙawarta ce daga Gusau ko daga Maraɗi, an manta. Wancan dattijon mai rawani? A ce sai an tambayi Inna, Inna kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Hoton yana nan garau, mutanen cikinsa sun ɓace.

Mu Hausawa muna da wani dalili na musamman da ke sa sunaye su salwanta, wato alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Mace ba ta kiran sunan miji, balle na surukai. Yaron da aka mayar wa sunan kaka, da laƙabi ake kiransa har ya tsufa. Ɗabi'a ce mai kyau, ni ma a cikinta na tashi, kuma ban ce a bar ta ba. Amma ta sa mutum yakan yi shekara sittin a gida ana ce masa Baffa ko Hajiya Babba, jikokinsa ba su taɓa jin sunansa na yanka ba sai ranar da aka yi sanarwar rasuwarsa. To a kundi, in kika rubuta "Gwaggo" kawai a ƙarƙashin hoto, gwaggon wa? Taki, ko ta mahaifinki? 'Yarki da za ta karanta tana da nata gwaggonnin daban. A rubuta sunan yanka, da sunan uba, da laƙabin da aka san ta da shi, da dangantakarta da amarya ko ango, da garin da ta zo daga. A bi mutanen hoto daga dama zuwa hagu ko daga hagu zuwa dama, a faɗi ta inda aka fara. In amarya tana jin nauyin rubuta sunan surukarta, ta miƙa wa ango alƙalamin, ko ƙanwarsa. Shi ma in ya zo kan sunan surukinsa ya mayar mata.

Bayan sunaye sai kwanan wata, na Musulunci da na boko duka, da ranar mako. "Asabar bayan Babbar Salla" ba ta wadatar ba, domin shekarar Hijira ta gaza ta boko da kusan kwana 11, Sallar da ta zo da sanyi a bikin uwa tana iya zuwa da damina a bikin 'ya.

Sannan labarin. Ga irin tambayoyin da shafin ɗaurin aure ya kamata ya amsa. A wane masallaci ko ƙofar gidan wa aka ɗaura? Wane limami? Wa ya yi walicci, wa ya karɓa wa ango? Nawa ne sadaki, lakadan ko ajalan? Ki ƙara da farashin kwanon shinkafa ko buhun masara a wannan watan, domin jikanki in ya ga adadin sadakin shi kaɗai ba zai san nauyinsa ba. A shafin kai amarya, wace ce ta yi mata wanka? Wa ta riƙo hannunta ta ce ta shiga da ƙafar dama? Motar wa aka shiga, an yi ruwa a ranar ko ƙura ake yi?

Akwai kuma nasihar mahaifi. Lokacin da aka kai amarya ta durƙusa gaban mahaifinta ta yi sallama, tana cikin mayafi tana kuka, rabin abin da ya faɗa ba ta ji ba. Shi ma muryarsa na rawa, a taƙaice yake yi. Waɗannan kalmomi ba a sake faɗinsu. Ina ba da shawara a sa wata ƙanwa ko babbar ƙawa ta kasa kunne, ta rubuta su a daren, ko ta naɗa a waya in an yarda. A kwafe su a shafin yadda suka fito daga bakinsa. Haka abin da kaka ta ce. In da Sakkwatanci ta faɗa, a bar shi da Sakkwatanci, kada a gyara mata zuwa Hausar makaranta. In ta iya ajami, a ba ta takarda ta rubuta addu'arta da hannunta, a sa a shafin, a juya shi zuwa boko a ƙasa saboda waɗanda ba su iya karantawa ba. Mu tuna cewa da yawa daga abin da ake karantawa yau game da bikin aure a ƙauyukan ƙasar Zazzau na farkon ƙarnin da ya wuce, daga bakin tsohuwa ɗaya ya fito, Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta zauna da ita a 1949 da 1950 tana tambaya tana rubutawa, littafin ya fito a 1954. Kowane gida yana da irin wannan tsohuwar. Mai tambaya ne ba a cika samu ba.

Da me za a rubuta? Fensir ba ya koɗewa. Baƙar tawada mai kyau ta masu zane ma haka. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro tana jure haske sosai, sai dai ruwa na wanke ta. Biro ja da shuɗi suna dusashewa, maka kuma tana ratsa kwali ta fito ta baya. Kada a rubuta da biro a bayan hoto, domin yana ɓulla ta gaba. In fensir ya ƙi kamawa saboda santsin takardar, a rubuta a 'yar takarda a zura a bayan hoton. Kuma kada ki ce rubutunki ba shi da kyau sai an buga a kwamfuta. Ja layi da fensir, ki gwada a wata takarda, ki rubuta da hannunki. 'Ya'yanki za su so ganin hannun mahaifiyarsu.

Na san akwai gidajen da ba sa ajiye hoton mutum, domin malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, kuma kowa da wanda yake bi. Irin wannan gida ma yana iya yin kundinsa cikakke, da kati, da ƙyalle, da zanen lalle, da hoton masallaci da na ɗaki bayan jere, da sunaye da addu'o'i. Ga waɗanda ke sa hoto kuma, a tuna kundi yana zaga hannuwa. Hotunan wunin mata, inda aka ajiye mayafai, a yi musu kundi dabam ko ambulan mai rufi, kuma a nemi yardar masu fuskokin kafin a sa. Littafin gudummawa, wanda aka rubuta wance ta kawo kaza, sirri ne tsakaninki da su, ba na shafin da baƙi ke buɗewa ba ne.

Ajiya kuma. Maƙiyan kundi su ne zafi, laima, haske da ƙwari. Masu adana hotuna suna son wuri mai sanyi, laimar iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Mu da muke ganin zafi ya haura digiri 40 a watan Afrilu, sannan Agusta ta zo bango yana tsattsafo, sai mu yi iya ƙoƙarinmu. Kada a ɗora shi a saman wadirob dab da rufin kwano, kada a ajiye shi a ƙasa inda gara da ruwa ke bi, kada a jingina shi da bangon waje. Tsakiyar wadirob, cikin kwali, kwance, ba a danne shi da kaya ba. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalman lefe, a zuba biyu ko uku a kwalin, nesa da hannun yara. A nisanta shi da kaskon turaren wuta, kada kuma a fesa masa humra don ya yi ƙamshi, mai ne, tabonsa ba ya fita. In damina ta wuce a fito da shi a buɗe shafukan a inuwa su sha iska.

Akwai magana ɗaya mai nauyi da ba zan tsallake ba. Aure yakan mutu, wannan ba baƙon abu ba ne a cikinmu. Cikin zafin rai sai a yayyaga hotuna, ko a datse fuskar wani da almakashi, ko a cinna wa albam wuta. Ina roƙo, in akwai 'ya'ya a tsakani, kada a yi. In ganinsa yana sosa miki rai, ki naɗe shi ki kai gidan yayarki ko mahaifiyarki a ajiye. Yaran nan dangin uwa da dangin uba duka nasu ne, kuma mai yiwuwa a wannan kundin kaɗai za su ga kakanninsu na ɓangare biyu zaune a tabarma ɗaya.

Idan an gama kowane shafi, a ɗauki hotonsa a hasken rana, a inuwa, wayar tana kallonsa kai tsaye daga sama ta yadda rubutun zai karantu. A tura wa 'yan'uwa biyu ko uku da ke garuruwa dabam, a kuma wanke kwafi ɗaya a kai wa uwar amarya. A bar shafi biyu ko uku farare a ƙarshen kundin, domin tsofaffi in sun gani za su tuno abin da aka manta, su gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba, kuma a rubuta gyaran tare da sunan wanda ya yi shi.

Nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Amaren wannan wata da angwayensu, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.  

[Kiɗan rufe shiri]